Kewa Mai Ƙugiya

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran rubutu a madaba'a, kuma ranar da ya yi ritaya bai ajiye biron ba, tebur kawai ya canza. Jan Biro ake ce masa a wurin aiki, sunan ya biyo shi har gida, har maƙwabta suka manta da na gaskiyar. Mutum ne da ba ya iya wuce allon shago sai ya tsaya ya ga inda aka ci amanar waƙafi. Takardar asibiti ma, kafin ya duba abin da ke damunsa, sai ya fara duba abin da ke damun rubutun.

Duk Asabar yana zuwa wani ɗan shagon littattafai da ke maƙale tsakanin kantin magani da wurin gyaran takalma, ya sayi sabon littafi ɗaya, ya koma gida ya ci mutuncinsa a gefen shafi. Bai yarda da marubutan zamani ba ko kaɗan. Masu rubuta tarihin rayuwarsu, a cewarsa, maƙaryata ne masu hoto a bayan bango: kowannensu an zalunce shi yana yaro, kowannensu ya taka ƙasa ba takalmi zuwa makaranta, amma ba za ka taɓa samun wanda ya ce shi ne ya cuci wani ba. Masu ƙagaggun labarai kuwa ɓarayi ne. Su zauna a falonka su sha shayinka, su kwashe maganarka da tarinka da yadda kake soshe kunne, su canza maka suna su sayar da kai. Wasan kwaikwayo ma bai ɗauke shi komai ba, ihu ne kawai da aka saya wa tikiti. Yana faɗin haka da jin daɗi, domin bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai wanda zai ga abin sata a jikinsa ba.

Wata Asabar mai shagon ya miƙo masa wani littafi mai koren bango, da zanen kujera ɗaya a kai. Ya ce ana ta rububinsa, har za a mayar da shi wasan kwaikwayo. Marubucin bai sa sunansa ba, wani laƙabi ya sa wanda bai nuna mace ko namiji ba. Mai shagon yana miƙo littafin yana wani murmushi, kuma murmushin bai yi wa Jan Biro ba.

Ya zauna a teburin cin abinci bayan la'asar ya buɗe. Daga ɗakin gaba, inda matarsa ke ɗinki, ƙarar keke tana zuwa tana ɗaukewa. Labarin wani mai duba makarantu ne da ya yi ritaya ya mayar da gidansa aji. A shafi na goma sha biyu Jan Biro ya yi dariya, ya ce ai ya san irin waɗannan mutanen. A shafi na talatin, mutumin ya karɓi takardar cefane daga hannun matarsa ya gyara mata kalma biyu kafin ya fita kasuwa. Jan Biro ya gyara zama. A shafi na arba'in da ɗaya, mutumin ya buga murfin biro sau biyu a kan tebur kafin ya yi magana, kuma kujerarsa tana da gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da nannaɗaɗɗiyar jarida. Jan Biro ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin kujerarsa. Jaridar tana nan inda ya cusa ta tun bara.

Nan ya sha jinin jikinsa. Ya ci gaba da karatu ba don daɗi ba, sai don ya ga iya inda ɓarawon ya shiga. Ya shiga ko'ina. Ya san yadda yake shinshina sabon littafi kafin ya buɗe. Ya san ranar da aka kawo katin ta'aziyyar ƙaninsa ya ce an rubuta "rasuwa" ba daidai ba. A shafi na casa'in kuma ga 'yar mutumin tana makarantar kwana, ta rubuto wa babanta wasiƙa tana kuka tana so a zo a gan ta, shi kuma ya mayar mata da wasiƙar da gyara goma sha ɗaya da jan biro. Goma sha ɗaya ɗin ma daidai ne. A ƙarshen littafin matar mutumin ta sauko da akwati daga saman kabad ta bar gidan, bayan shekara talatin da 'yan kai. Jan Biro ya rubuta a gefen shafin da ƙarfi har biron ya huda takardar: *Ba ya yiwuwa.*

Abin da ya fi ci masa rai shi ne littafin ya yi kyau. Ya nemi kuskure kamar mai neman allura a cikin tsumma, bai samu ba sai guda ɗaya, wanda ya maimaitu sau bakwai. Duk inda kalmar "kewa" ta fito, an ɗora wa harafin farko ƙugiya, ya koma "ƙewa". Ya zagaye su duka bakwai da ja, ya ji ɗan sanyi a ransa.

Da aka zo cin abinci ya ajiye littafin a tsakiyar tebur, ya buga murfin biro sau biyu, ya tuna, ya janye hannunsa. Ya gaya wa matarsa cewa akwai munafuki a cikin jininsa. Ya karanta mata shafi na arba'in da ɗaya da na casa'in. Tana saurare tana cire zare daga hannun rigarta, tef ɗin awo yana rataye a wuyanta kamar kullum. Ita ba ta cikin lissafinsa. A saninsa rubutunta bai wuce lambobin kafaɗa da ƙugu da take cika littattafan awo da su ba, waɗanda ta tara a kwali a ƙarƙashin keke. Ya sha yi mata tsiya cewa tana cinye littafin awo kamar duk garin ita ke ɗinka wa kaya.

"Wa kake zargi, Malam?" ta tambaye shi.

Ya ce wa zai zarga in ba mai wasiƙar ba. Ɗansu namiji ko saƙon waya ba ya iya kai wa layi uku. Babbar 'yarsu ce, ita ce mai riƙo, tun tana ƙarama haka take. Matar ta ce ya bi a hankali, kada ya ɗora wa yarinya abin da ba ta yi ba.

"To ki ji da kyau," ya ce. "Ko wane ne ya rubuta wannan, ba zai ƙara kwana a gidana ba. Na faɗa."

Ta ce ta ji. Kowa a gidan ya san idan Jan Biro ya ce "na faɗa", to an kai madaba'a ke nan, babu sauran gyara.

Kwanakin da suka biyo baya ya zama abin tausayi, kodayake shi bai sani ba. Mai gyaran takalma ya gaishe shi da fara'a, ya ce wannan ya karanta. Maƙwabciyarsu ta yi shiru da ya shigo, ya ce ita ma ta karanta. Ya daina buga biro a tebur, ya zare jaridar daga ƙarƙashin kujera, ya riƙa cin abinci yana tangaɗi. Ranar Talata ya shiga ɗakin kwana ya tarar an sauko da babban akwatinsu mai ruwan ƙasa daga saman kabad, an goge shi, an jingine a bango. Ya tambaya, ta ce ƙura ce ta yi masa yawa. Bai ƙara bi ta kai ba, hankalinsa yana can wurin mai laifi.

Ranar Laraba ya je kantin maganin da 'yarsa ke aiki, can ƙetaren gada. Ya jira har layi ya ragu, ya fara da bugun ciki: ko tana samun lokacin karatu kuwa, ko ta ji labarin wani koren littafi. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce ta karanta shi sau biyu, kuma ta yi kuka a duka biyun. Ta faɗa ba tare da ta sunkuyar da kai ba, wannan ya ƙara tabbatar masa. Ya fito fili ya tambaye ta.

"Baba, ni tun daga wasiƙar nan ban sake rubuta abin da ya wuce sunan magani ba," ta ce. "Kuma da ni na rubuta, ba zan tausaya maka haka ba. Wanda ya rubuta littafin nan yana sonka. Ba ka lura ba?"

Bai lura ba, kuma bai yarda ba. Ya fito yana cewa a ransa mai laifi ai dole ya iya tsara magana. Amma maganar ta bi shi har tashar mota, ta zauna kusa da shi.

Washegari ya nufi tsohuwar madaba'arsu, domin sunanta ne a cikin bangon littafin. Warin tawada ya tare shi tun daga ƙofa. Wanda ya gaji kujerarsa, abokin aikinsa ne na shekara ashirin, mai yawan tauna murfin biro, ya tashi ya rungume shi. Jan Biro ya buɗe littafin ya nuna masa jajayen zagaye bakwai, ya ce ashe haka aikin ya lalace bayan tafiyarsa. Abokin ya yi dariya ya ce wallahi sun gani, sun cire ƙugiyoyin duka a shafukan gwaji. Sai shafukan suka dawo daga wurin marubucin an mayar da kowace ƙugiya da fensir, da ɗan rubutu a gefe: *A bar ta haka.* Sun sake cirewa, aka sake mayarwa. Sunan marubucin kuwa ya ce ko shi bai sani ba, manaja kaɗai ya sani, kuma an sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa ba. Abin da ya ji dai shi ne ranar Asabar da yamma za a nuna wasan a zauren ɗakin karatu na gari, marubucin ya aiko da wata sabuwar fitowa da babu ita a littafin, kuma an ce zai halarta.

Jan Biro ya dawo gida yana juya maganar. Kuskuren da aka yi da gangan ba kuskure ba ne, saƙo ne. Ya zauna ya yi ta tunanin ko 'yarsa ta taɓa rubuta "ƙewa" a wasiƙar makaranta. Ya tuna goma daga cikin gyare-gyaren goma sha ɗaya, na ƙarshen ya ƙi zuwa, sai ya yanke cewa shi ne. Ya sayi tikiti biyu. Ya ce wa matarsa ta shirya, yana so ta zama shaida ranar da 'yarta za ta miƙe a gaban jama'a. Ta ce to, ta tambaye shi ƙarfe nawa.

Zauren ya cika, fankoki suna juya iska mai zafi. Suna zama ya hango 'yarsa a layi na uku gabansu, ya taɓo matarsa ya nuna mata da haɓa. Aka ja labule. Wanda ya fito a matsayin mai duba makarantu ya buga biro sau biyu a tebur, zauren ya fashe da dariya, Jan Biro ya ji kamar an tuɓe masa riga. Ya riƙa kallon ƙeyar 'yarsa fiye da dandamalin, yana jira ya ga alamar mai abu. Ba ta yi komai ba sai share ido.

Can wajen tsakiya aka rage fitilu, aka fito da sabuwar fitowar. An koma baya shekaru da yawa. Wata amarya ce zaune a bakin gado da shuɗiyar takarda a cinya, mijinta ya tafi kwas na wata shida a wani gari. Tana rubutu tana gogewa, tana lasar bakin fensir. Da ta gama sai ta karanta a fili, a hankali, irin karatun wanda bai saba ba. Layin ƙarshe ta furta shi yadda aka rubuta, da ƙarfin harafin a maƙogwaro: "Ina ƙewarka." Mutane suka yi dariya. Sai ga ɗan aike da amsa. Ta buɗe ambulan da rawar jiki, takardarta ce ta faɗo, da jan zagaye a layin ƙarshe. Daga bayan labule muryar mijin ta karanto abin da ya rubuta a gefe: "Kewa ba ta da ƙugiya."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Amaryar ta ninke takardar sau huɗu ta sa a ƙasan akwati.

Jan Biro ya san wannan takardar. Shuɗiyar takarda. Ɗakin kwanan ɗalibai mai gado shida, da shi zaune yana murna an rubuto masa, da biron da ke aljihunsa. Ya tuna har yadda ya ji daɗin kansa a ranar, wai yana taimaka wa amaryarsa. Wasiƙarta ta farko ke nan, kuma bai taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa ta biyu ba ta zo ba. Ya juya a hankali. Matarsa tana kallon dandamali, hannayenta a kan jaka, leɓɓanta suna motsi. Tana riga 'yar wasan da kalma ɗaya, kamar yadda shi yake yi idan yana bin shafin da ya riga ya gyara.

Da aka gama, mai ba da umarni ya fito ya roƙi marubucin ya miƙe a gan shi. Aka yi ta waige-waige. 'Yarsa ma ta waiga, idonta ya sauka a kan uwarta, ya daɗe a can. Ba wanda ya miƙe. Aka tafa wa kujeru, aka watse.

Suka kama hanyar gida da ƙafa, suka wuce shagon littattafai da aka riga aka rufe. Rana ta yi ƙasa, masu shaguna suna shigar da kaya. Yana so ya tambaye ta yaushe, da ina, da yaya, sai kwalin littattafan awo ya faɗo masa a rai, ya ga ba sai ya tambaya ba. Shekaru yana wuce kwalin nan yana tsokanarta. Abin da ya fito daga bakinsa daga ƙarshe, don bakin bai san wata hanya ba, shi ne:

"Amma dai kin san kalmar ba ta da ƙugiya."

"Na sani tun ranar, Malam," ta ce. "Tawa ce take da ita. Shekara talatin da huɗu tana maƙale a nan." Ta taɓa ƙirjinta da yatsa ɗaya, inda tef ɗin awo ya saba sauka.

Ya ce to me ya sa ba ta faɗa masa ba, sai ta gaya wa duniya. Ta ce ta gwada da baki sau da yawa, yakan tsaya ne ya gyara mata yadda ta faɗa. Ta ga littafi ne kaɗai abin da yake saurara tun daga farko har ƙarshe ba ya katse shi, ko da zai zage shi daga baya. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma yi kuka ba. Da suka iso ƙofar gida tana neman makulli a jaka, ta ƙara da cewa ta ji abin da ya faɗa a tebur, shi ya sa ta sauko da akwati, kuma ƙanwarta ta ce akwai ɗaki.

Ta shiga kicin ta ɗora ruwa. Shi ya tsaya a tsakiyar falo kamar baƙo. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da aka buga littafi dubu biyar da kuskure a bango. Ya leƙa ɗakin kwana. Akwatin yana nan a jingine, ya ɗaga shi ya ji da nauyi. Ya dawo tebur ya buɗe koren littafin a shafin ƙarshe, ya ga *Ba ya yiwuwa* da hannunsa, da hudar da biron ya yi. Jan biro ba ya gogewa, ya fi kowa sani.

A rayuwarsa bai taɓa janye magana ba, bai ma san da wace kalma ake farawa ba. Ya laluba aljihu, ja ne kawai a ciki. Ya shiga ɗakin ɗinki ya ɗauko guntun fensirinta na awo, ya yago takarda daga bayan kalanda. Ya daɗe a kan harafin farko na kalma ta biyu. Hannun da ya shekara talatin da ɗaya yana cire irin wannan ƙugiyar ya ƙi, sai da ya danne shi. Ya rubuta *Ina ƙewarki*, ya kai ya ɗora a kan akwatin, ya dawo ya zauna a kujerarsa mai tangaɗi.

Ya ji ta fito daga kicin, ya ji ta shiga ɗaki, ya ji shiru. Bayan wani lokaci ta fito da takardar a hannu da kofin shayi a ɗaya hannun. Ta ajiye masa shayin, ta sake duba rubutun, ta ce ƙugiyar ta yi kyau, kamar wanda ya saba.

"Amma ka yi sauri, Malam," ta ce. "Ai ban tafi ba tukuna."

Ta ninke takardar sau huɗu ta koma ɗaki da ita. Jan Biro ya zauna da kalmar nan ta ƙarshe a gabansa. Ya juya ta ta kowace fuska, ya ga an rubuta ta daidai, an sa ta a inda ya dace, babu abin da zai iya yi mata. Shayin ya huce a gabansa, yana kasa kunne ya ji ko za a mayar da akwatin saman kabad.